Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Mace da Damuwa a Tsakiyar Rayuwa

Ƙarfe uku na dare, gida ya yi tsit, uwargida ta farka sharkaf da gumi. Lokacin hunturu ne, yara duk sun duƙunƙune cikin bargo, ita kuwa ji take kamar an hura mata gawayi daga ƙirji zuwa fuska. Ta yaye zane, ta sha ruwa, ta koma ta kwanta. Gumin ya bushe, sanyi ya kama ta, barci kuma ya ƙi dawowa. Sai lissafi ya fara zuwa ɗaya bayan ɗaya: kayan ɗakin 'yarta da aka sa bikinta bayan Sallah, kuɗin makarantar auta, zubin adashi na ranar Juma'a, mahaifiyarta da ciwon ƙafa ya hana ta tashi. Gabanta na ta faɗuwa har aka kira assalatu.

Da gari ya waye, 'yarta ta dube ta ta ce, "Umma, idonki ya yi ja. Lafiya kuwa?"

Ta ce, "Lafiya lau. Gajiya ce kawai."

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan amsa. Mata masu shekara 40 zuwa 55 suna ba da ita kullum, kuma da yawansu sun gaskata ta. Amma abin da ke faruwa a jikin wannan baiwar Allah ya wuce gajiya. Abubuwa biyu ne suka haɗu a lokaci guda: jikinta yana canzawa daga ciki, kayan da ke kanta kuma sun kai nauyin da ba su taɓa kaiwa ba. Kowannensu yana da yadda yake aiki, kuma macen da ta fahimci yadda suke aiki ta san inda za ta sa hannu.

Ƙararrawar da ke cikin jiki

A ce mace tana tsakar gida tana tankaɗe, sai ta hangi jikanta mai rarrafe ya nufi bakin murhu. Kafin ta yi tunanin komai ta riga ta miƙe, ta yi tsalle ta cafke shi. Bayan ta ajiye shi ne take jin zuciyarta na dukan uku-uku, hannunta na rawa, bakinta ya bushe.

Ga abin da ya faru. Ido ya kai labari ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiyoyi zuwa wasu 'yan halittu guda biyu da ke zaune a saman ƙoda, kowace ƙoda da tata kamar hula. Su kuma suka zuba wani sinadari mai suna adiranalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, hanta ta saki sukarin da ta adana domin tsoka ta samu ƙarfi, aikin narkar da abinci ya dakata saboda ba lokacinsa ba ne. Bayan 'yan mintuna wani sinadari na biyu, kotisol, ya biyo baya domin ya riƙe sukari da ƙarfin jini a sama har a tabbata haɗarin ya wuce. Wannan tsari rahama ne daga Allah. Ba don shi ba da yaron ya faɗa wuta.

An yi tsarin ne don ya tashi na ɗan lokaci sannan ya kwanta. Matsala tana farawa ne idan ya ƙi kwantawa. A shekarar 1936 wani likita mai bincike a birnin Montiriyal na Kanada, Hans Selye, ya lura cewa ɓerayen da aka daɗe ana takura wa, ko da sanyi ne, ko da rauni, ko da wahalar aiki, duk suna ƙarewa da alamomi iri ɗaya: halittun nan na saman ƙoda sun kumbura, sassan da ke kare jiki daga cuta sun motse, cikinsu ya yi gyambo. Daga aikinsa ne likitoci suka fara ɗaukar takurar da ta daɗe a matsayin abin da ke cin jiki da gaske, ko da ba a ga ƙwayar cuta ba.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne, jiki ba ya rarrabe yaro a bakin murhu da tunanin bashi da ƙarfe uku na dare. Duka biyun ƙararrawa ɗaya suke kaɗawa. Na murhu yana wucewa cikin minti guda. Na bashi, da na ɗan da ya gama makaranta ya rasa aiki, da na maganar da kishiya ta yaɓa, su kan kwana su wuni, wata da watanni. A ƙa'ida kotisol yana hawa da sassafe don ya tashe mu, ya yi ta sauka har ya kai ƙasa cikin dare don mu yi barci. Idan damuwa ta zauna, wannan hawa da sauka sai ya rikice. Mace ta tashi da safe a gajiye, ta kwanta da dare ido biyu.

Kowa ya san abin da ke samun janareta idan aka bar shi yana aiki dare da rana ba a kashe shi ya huce. Haka jiki yake. Wuya da kafaɗu su ɗaure, kai ya riƙa ciwo, ciki ya riƙa zafi, mantuwa ta yi yawa, ƙaramar magana ta tayar da faɗa. A hankali jini ya fara hawa, sukari ya fara wuyar saituwa, kitse ya taru a ciki. Damuwa ita kaɗai ba ta haifar da hawan jini ko ciwon suga. Akwai gado, akwai abinci, akwai shekaru. Amma tana tura mai hali zuwa ga ciwon, tana kuma hana magani yin aikinsa yadda ya kamata. Hausawa sun ce jiki magayi. Abin da baki ya haɗiye, jiki ne zai faɗe shi.

Lokacin da al'ada ke shirin ɗaukewa

Canjin jiki kuwa yana faruwa ne a ma'ajiyar ƙwan mace. Tun daga balaga wannan wuri yake samar da sinadarai biyu, istirojin da furojestaron, waɗanda ke juya al'adar wata-wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana cewa ta ɗauke ne idan mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba tare da ciki ko wani ciwo ya jawo hakan ba.

Sai dai ba dare ɗaya take tsayawa ba. Shekaru kafin nan, sau da yawa tun mace tana farkon shekarunta na arba'in, istirojin yake fara rawa kamar wutar lantarkin da ba ta da ƙarfi: yau ya yi sama, gobe ya faɗi. Al'ada ta zo da wuri, ko ta yi wata biyu ba ta zo ba, ko ta zo da yawa. Wannan rawar ce ta fi wahalar da mata, domin istirojin ba a mahaifa kaɗai yake aiki ba. Yana da hannu a ƙwaƙwalwa, da ƙashi, da jijiyoyin jini, da fata, da mafitsara.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da ke lura da zafin jiki. Idan istirojin ya ragu, wurin nan sai ya zama mai saurin firgita. Zafi kaɗan ya ƙaru, ya ɗauka jiki na ƙonewa, ya buɗe jijiyoyin jinin fata, ya saki gumi, zuciya ta yi sauri. Shi ne zafin nan da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska, ya yi minti ɗaya zuwa biyar ya wuce, ya bar mace tana jin sanyi. Wani babban bincike da aka fara a Amurka a 1996, wanda ya bi mata fiye da 3,000 shekara da shekaru, ya nuna cewa a cikin waɗanda zafin ke yawan taso wa, rabinsu sun haura shekara bakwai suna fama da shi. Don haka macen da ta yi shekara uku tana wannan gumi ba ta fita daga sahun mata ba.

Akwai sauran alamomin da kunya ke hana faɗa: bushewar gaba da jin zafi wajen kwanciyar aure, raguwar sha'awa, yawan fitsari ko ɗigarsa idan an yi tari. Akwai ciwon gaɓoɓi, da saurin kuka, da shiga ɗaki a manta abin da aka zo ɗauka. Akwai kuma waɗanda ba a ji ba a gani: ƙashi yana saurin rasa ƙwarinsa a shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada, kariyar da istirojin ke bai wa zuciya da jijiyoyin jini ita ma tana raguwa. Wani abin lura kuma, muddin ba a cika wata 12 ɗin nan ba, mace na iya ɗaukar ciki.

A gidajenmu ba kasafai uwa ke zaunar da 'yarta ta yi mata bayanin wannan mataki ba, yadda ake yi wa budurwa bayanin balaga ko amarya bayanin aure. Saboda haka idan abin ya zo, sai a nemo masa suna a wani wuri. Wata ta ce zazzaɓin cizon sauro ne, ta yi ta shan magani. Wata a ce mata taifot ne, a yi ta ɗura mata allurai. Wata ta zargi kishiya da sammu, wata a ce iska ce ta taɓa ta. Kuɗi ya ƙare, zumunci ya lalace, gumin dare kuma yana nan. Sanin sunan abu rabin sauƙinsa ne: wannan mataki ne na halitta, kowace macen da Allah ya ja kwananta za ta taka shi. Wasu su wuce shi ba su ji komai ba, wasu su sha wuya, kuma masu shan wuyar akwai taimakon da za a yi musu.

Yanzu a haɗa biyun a gani. Gumi ya katse barci. Ƙwaƙwalwar da ba ta yi barci ba ta fi saurin kaɗa ƙararrawa, sai abin da bai kai ya kawo ba ya zama tashin hankali. Tashin hankalin ya ƙara taso da zafin, ya kuma hana barcin daren gobe. Haka abin ke zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Amfanin gane wannan zagaye shi ne, duk inda aka yanke shi, sauran sassan ma suna sassautawa.

Kayan da ke kanta

Me ya sa nauyi ke taruwa a daidai waɗannan shekaru? Macen da aka aurar tana 'yar shekara 17 ko 18, kafin ta kai 45 ta yi jikoki, alhali autanta bai gama firamare ba. 'Yarta ta fari za ta dawo gida goyon ciki, ita ce mai dafa ruwan wankan jego safe da yamma har a yi arba'in. Ta biyu za a aurar, kuma kowa ya san idon dangi a kan uwa yake idan aka zo jeren ɗaki da gara. Iyayenta sun tsufa, uwar mijinta ma haka, jinya kuma a hannun mata take. Maigida wataƙila ƙarfinsa ya fara raguwa, ko ya yi ritaya, ko ya ƙaro aure. Wata kuma a shekarun nan ne take yin takaba, ta fito ta tarar da marayu da cefane duk a wuyanta. Ga sana'a ko aikin ofis. Ga tsadar masarufi da ta ƙaru tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a 2023. Ga biki, ga suna, ga gaisuwar mutuwa, ga anko, waɗanda in ba a gan ta ba sai an yi magana.

Duk wanda ya zo da kuka, wajenta yake zuwa. Ita kuwa in ta buɗe baki, kalma ɗaya ake miƙa mata: haƙuri. Haƙuri abu ne mai girma, shi ya riƙe gidaje da yawa da yau ake alfahari da su. Amma akwai bambanci tsakanin haƙuri da cin rai. Mai haƙuri ta karɓi abin da ba ta da ikon canzawa, zuciyarta ta sauka. Mai cin rai ta rufe baki ne kawai, ƙararrawar cikinta na ci gaba da kaɗawa. Daga waje kamanninsu ɗaya. Na'urar awon jini ce ke bambanta su.

Mata da yawa suna jin cewa ware wa kai lokaci son kai ne, ko ma rashin godiya. Addini bai ce haka ba. A cikin ingantattun hadisai akwai labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da kansa da iyalinsa. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya yi barci, ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, ransa yana da hakki, iyalinsa ma suna da hakki. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Idan har ibada ba ta zama dalilin tauye hakkin jiki ba, wanke-wanke da zaman biki ba za su zama ba.

Inda za a sa hannu

A fara da barci, domin shi ne wurin da ya fi sauƙin yanke zagayen. Baligi yana buƙatar awa bakwai ko fiye. Jiki yana son ƙa'ida: lokacin kwanciya ɗaya, lokacin tashi ɗaya. Goro, da shayi, da kofi, da wasu lemukan kwalba suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke hana ƙwaƙwalwa jin gajiya, kuma bayan kamar awa biyar rabinsa na nan a jini. Goron da aka ci bayan la'asar yana nan yana aiki bayan isha'i. Mai fama da rashin barci ta tsayar da su daga azahar. Waya kuma a ajiye ta nesa da shimfiɗa, domin saƙonnin WhatsApp na dangi da labaran tashin hankali itace ne ake ƙara wa wutar da ake son ta mutu. Don gumin dare, a kwanta da zanen auduga mara nauyi, a bar iska ta shiga, a ajiye ruwa kusa, a rage yaji da abin sha mai zafi da daddare. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana mayar da ƙarfi. Idan ta yi tsawo sai ta cinye barcin dare. In tunani ya hana barci, a tashi a rubuta abin a takarda ko a faɗa wa zuciya cewa an ajiye shi sai da safe. Ƙwaƙwalwa tana maimaita abu ne don tsoron kada a manta.

Sai motsa jiki. Mata kan ce, "Ni da nake wuni a tsaye, wane motsa jiki kuma?" Gaskiya ne aikin gida yana gajiyarwa, amma yawancinsa tsayuwa ce da sunkuyo, ba ya sa zuciya ta yi gudun da ke ƙarfafa ta. Sinadaran damuwa sun shirya jiki ne don ya motsa, kuma tafiya da sauri ita ce ke ƙone abin da suka tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, da saurin da za a iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Tafiya Islamiyya da ƙafa ta shiga lissafi. Zagaya tsakar gida bayan asuba ya shiga. Daka da surfe ma sun shiga. Ana iya rarraba shi minti goma-goma. Kwana biyu a mako kuma a yi abin da ke ƙarfafa tsoka, ko da zama ne a kujera a miƙe sau goma ba tare da dafa hannu ba. Ƙashi yana ƙara ƙwari ne idan ana ɗora masa nauyi, tsokar cinya kuma ita ke tallafar gwiwar da za ta yi ruku'u da sujada har tsufa.

A wajen abinci, abu na farko gishiri ne. Ƙa'idar ita ce kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a nan har da wanda ke cikin dunƙulen miya, domin yawancin dunƙule gishiri ne. Tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida sannan aka barbaɗa gishiri ta wuce iyaka. Daddawa, da albasa, da tafarnuwa, da citta suna ba da ɗanɗano idan aka rage shi a hankali. Ƙashi yana son kalsiyam, kuma muna da shi a kusa: nono da kindirmo, kuka, zogale, riɗi, ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu. Jiki ba ya iya ɗaukar kalsiyam sosai sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta, don haka macen da ke wuni a ɗaki ta riƙa fitowa tsakar gida tana shan hantsi. Wake, da ganye, da gero ko dawar da ba a cire musu dusa duka ba sun fi farar shinkafa da fulawa riƙe sukarin jini. Uwa ita ke rabon abinci, kuma ita ke ci a ƙarshe, a tsaye, abin da ya rage. Ta zuba nata tare da na kowa, ta zauna ta ci.

Akwai kuma hanyar kashe ƙararrawar nan take. Wata doguwar jijiya ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya zuwa zuciya da ciki, aikinta shi ne taka wa zuciya birki. Duk lokacin da muka fitar da numfashi a hankali, birkin yana kamawa. Idan gaba ya faɗi ko zafi ya taso, a shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar da ita a hankali ana ƙirga shida, a yi ta yi na minti biyu ko uku. Musulma tana da wuraren tsayawa biyar a kowane yini da aka riga aka gina mata. Sallar da aka yi da natsuwa, aka zauna bayanta aka yi tasbihi ba gaggawa, tana ba ruhi abincinsa, jiki ma ya samu saukar da yake nema. Wadda aka yi ana leƙen tukunya ba ta ba da wannan. Minti goma bayan sallama, a ce wa yara kada wanda ya kira.

Sai magana. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Damuwar da aka faɗa wa aminiya mai riƙe sirri, ko yaya, ko malamar Islamiyya, ko 'yar'uwa a zumuntar mata ta coci, ba ta komawa da nauyin da ta fito da shi. Sau da yawa a irin wannan hira ce mace ke gano cewa sa'o'inta uku a unguwa suna tashi da gumin nan, kowace tana zaton ita kaɗai ce. A zaɓi wadda in an rabu da ita ake jin sauƙi, a rage zama da wadda hirarta gasa ce da tsegumi.

Na ƙarshe shi ne sauke kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jinyar tsohuwa a raba ta tsakanin 'ya'yanta, maza da mata, kowa da ranarsa ko kuɗinsa. Samarin gida su iya ɗebo ruwa da wanke kayansu. Kayan ɗaki a yi daidai ƙarfi, domin bashin da aka ci don a burge 'yan kallo uwa ce ke kwana da shi bayan an watse. Ba kowane anko ne dole ba. Akwai yadda ake faɗa ba a ɓata wa kowa ba: "Yaya, wannan karon ba zan samu dama ba, amma zan zo in yi muku Allah ya sanya alheri." Ranar farko da nauyi. Daga baya mutane su saba.

Lokacin zuwa asibiti

Wasu abubuwan ba na jira ba ne. Duk jinin da ya dawo bayan an yi wata 12 da ɗaukewar al'ada, ko ɗigo ne, a je a duba, domin yana iya zama alamar sankarar mahaifa, wadda ake iya maganinta idan an kama ta da wuri. Haka jinin da ke zuba da yawa da gudaji ko ya ƙi tsayawa. Ƙarin mahaifa na iya jawo shi, kuma yana ƙarar da jini har mace ta riƙa haki da jiri. Haka ƙullutu a nono, ko ciwon ƙirji, ko ramewa ba dalili. Halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, idan aikinta ya rikice tana kawo gumi da faɗuwar gaba irin na ɗaukewar al'ada, kuma gwajin jini ne ke rarrabewa.

Hawan jini ba ya sallama. Mace na iya yawo da shi shekaru ba ta jin komai. A riƙa aunawa ko da ana jin garau; idan awo ya kai 140 bisa 90 a ranaku daban-daban, magana ta zama ta likita, kuma wadda aka ɗora a kan magani kada ta daina don ta ji sauƙi. A gwada sukari. A nemi gwajin bakin mahaifa, wanda ake so mace ta fara tun tana shekara 30.

Idan baƙin ciki ya zauna mako biyu ko fiye, abin da ke faranta rai ya daina, abinci da barci suka rikice, mace ta riƙa jin ba ta da amfani ko mutuwa ta fi mata, wannan ciwo ne mai magani, kuma ba raunin imani ba ne. Tunanin halaka kai kuwa na gaggawa ne, a faɗa wa wani a ranar. Akwai likitocin wannan fanni a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Addu'a da magani ba sa karo.

Ga wadda zafi da gumi suka hana sakat, akwai maganin da ke mayar wa jiki wani ɓangare na sinadarin da ya ragu, kuma shi ya fi kowane magani kwantar da zafin. Bai dace da kowa ba, musamman wadda ta taɓa sankarar nono ko daskarewar jini a jijiya, don haka likita ne zai auna. Bushewar gaba ma tana da magani mai sauƙi. A faɗa wa likita ko ma'aikaciyar jinya, a guji cusa haɗe-haɗen da ba a san abin da ke cikinsu ba. A kuma yi hattara da kemis. Ƙwayoyin barci suna kama mutum cikin 'yan makonni. Maganin tari mai kodin ya ɗaiɗaita mata da yawa a Arewa kafin gwamnatin Najeriya ta hana shi a 2018, kuma da yawansu neman barci da mantuwar damuwa ne ya kai su. Magungunan ciwon jiki da ake sha kullum kuwa suna iya cin ciki, su taɓa ƙoda, su ƙara hawan jini.

Ga mutanen gida

Maigida, idan matar da kuka yi shekara 25 tare ta fara saurin fushi ko ta juya maka baya a shimfiɗa, kada ka yi saurin cewa ta canza hali ko ta raina ka. Ka tambaye ta, ka saurara, ka kai ta asibiti, ka biya kuɗin awo kamar yadda kake biyan na cefane. 'Ya'ya, ku lura da wadda ke lura da kowa. Ku karɓi girkin dare, ku kwashe jikoki na awa biyu ta rintsa.

Bayan wannan mataki akwai shekaru masu yawa, kuma suna iya zama masu daɗi: ba fashin sallah, ba ramuwar azumi, ba fargabar ciki, ga girma, ga magana mai nauyi a cikin dangi. Lafiyar da za a ci moriyarsu da ita kuwa yanzu ake tara ta, a barcin yau, da tafiyar gobe da safe, da cokalin gishirin da aka rage. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma gida guda ne ke sha daga gugan wannan mace.

Don haka idan gari ya waye 'yarta ta sake cewa, "Umma, lafiya kuwa?", amsar da za ta fi amfanar su duka ita ce ta gaskiya: "Ban yi barci ba, 'yar nan. Ɗora ruwan kokon. In an jima ki raka ni a auna jinina."